Takalmin aiki: a auna ƙafa kafin a biya kuɗi

Tun da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato a watan Agustan 1991, Birnin Kebbi ba ta huta da gini ba, kuma Gesse na cikin unguwannin da suka fi shan siminti. In ka biya ta inda ake zuba dekin, ka bar kallon sama, ka dubi ƙafafun ma'aikata. Leburan da ke hawa tsani da kwanon kankare a ka, silifa ce a ƙafarsa. Mai lanƙwasa rodi ma haka, alhali ƙusoshi da guntayen waya na warwatse ko'ina. Sai ka leƙa ɗakin ajiyar siminti ka tarar da but a jere jikin bango, wasu ko ƙura ba su gama sha ba, an cusa musu safa a baki. Ka ce wa yaro, “Kai, ga takalmi an ba ka, don me ba ka sa ba?” Amsar ba ta canzawa: “Wallahi Malam, cin ƙafata yake.”

Mun saba mu kira wannan ganganci, mu ce talaka ba ya son kansa da lafiya. Ni dai ban ɗora wa yaron laifi duka ba. Wanda zai wuni a tsaye daga hantsi zuwa la'asar sakaliya, cikin zafin Afrilu da kan haura digiri 40, ba zai jure takalmin da ke gurzar masa diddige yana danne masa ɗan yatsa ba. Zai cire, ko da an kafa masa doka. Matsalar tun a kasuwa aka sayo ta, ranar da maigidan aiki ya aiki yaronsa ya ce a kwaso dozin guda, duka lamba 44 ko 45, “kowa ya samu ya shiga.” Ko ranar da ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, wanda aka ce lallai ya zo da but kafin ya shiga ɗakin koyon aiki ko ya tafi SIWES, wato horon sanin makamar aiki a wajen makaranta, ya zura ƙafa ɗaya yana zaune a kan benci, ya ce ya ɗan matse, mai kaya ya ce masa, “Ɗan'uwa, fata ce, zai saki.”

Rabin maganar mai kaya gaskiya ce. Fata tana saki, amma ta gefe, kuma kaɗan. Ba ta ƙara tsawo. Ƙarfen da ke bakin takalmin kuwa har takalmin ya mutu ba zai motsa ba, don ba a yi shi domin ya motsa ba. Ƙa'idar ISO 20345, wadda ake gwada irin waɗannan takalma da ita, ta ce dole bakin ya jure bugun da ya kai a saki ƙarfe mai nauyin kilo 20 daga tsayin kusan mita ɗaya ya faɗo masa. Abin da aka ƙera don ya jure wannan, ƙaramin yatsanka ne zai buɗa shi? In gefen ƙarfen ya taɓa yatsa ranar farko, haka zai taɓa shi ranar ƙarshe, sai dai yatsan ya yi kanta ko farce ya baƙanta ya fita. A tuna kuma buhun siminti kilo 50 ne, saboda haka ko takalmin da ya cika ƙa'ida yana da iyaka.

Awon kansa ba wani abu mai wuya ba ne, haƙuri kawai yake so. A je kasuwa bayan la'asar, domin ƙafa kan ɗan kumbura in ta wuni tana aiki, wanda ya gwada da sassafe kuwa ƙaramar ƙafa ya kai. A tafi da irin safar da za a riƙa sawa, mai kauri. A sa duka biyun, a ɗaure igiya har sama, a miƙe tsaye, don yawancin mutane ƙafarsu ɗaya ta ɗan fi ɗaya, kuma da babbar ake ciniki. In shimfiɗar cikin takalmin tana fita, a zaro ta a ajiye ƙasa a taka: ya kamata a ga saura kamar faɗin babban yatsan hannu a gaban yatsan da ya fi tsawo, kada kuma gefen ƙafa ya zubo waje. Wannan na gefe shi ya fi kama mu. Ƙafar da ta girma cikin silifa da fade yatsunta a baje suke, takalman da ake kawo mana kuwa da yawansu a kan siririyar ƙafa aka ɗinka su. Sai mutum ya ji matsi a gefe, ya ƙara lamba biyu don ya samu faɗi, ya koma gida da takalmin da ƙafa ke yawo a ciki, diddige na fita yana komawa, in ya sauko tsani yatsu su riƙa dukan ƙarfe. Maganin matsin gefe shi ne a nemi wani samfurin mai faɗin baki, a bar lambar yadda take.

Sannan a tsuguna, irin tsugunon birkila in yana jera bulon farko. A nan ake gane ko bakin ƙarfen zai sari bayan yatsu. Mai kaya zai ƙosa, ya fara duban wani mai saye. Ƙyale shi ya ƙosa.

Lambar da ke rubuce ma ba abin dogaro ba ce. Mu da lambar Turai muka saba, 41, 42, 43, wadda tsakanin kowace da mai bi mata bai kai milimita 7 ba. Amma in an kwance dilar gwanjo, ga na Ingila ga na Amurka a cakuɗe: 42 ɗinmu kusan 8 ne a Ingila, kusan 9 a Amurka, kuma ko a cikin ƙasa ɗaya kamfani da kamfani ba sa daidaituwa. Wanda ya aika a sayo masa da lamba kaɗai caca ya yi.

Gwanjo ba abin rainawa ba ne, sau da yawa fatarsa ta fi ta sabon da ke ƙyalli cikin kwali. Illa dai ya riga ya ɗauki siffar ƙafar wani, kuma akwai wani ciwo da ba a gani da ido. Yawancin waɗannan takalma ƙasansu wata roba ce marar nauyi da ake kira PU, wadda in ta daɗe a ajiye cikin zafi da laima takan ruɓe daga ciki. Ka ga takalmi tsaf, ka sa shi kwana biyu, ƙasan ya fara zuba kamar garin ƙuli-ƙuli. Kafin a biya, a lanƙwasa ƙasan da ƙarfi, a danna farce. In ya tsage, ko ya yi danƙo, ko ya bar gari a hannu, a ajiye musu abinsu. In bakin ƙarfen ya lotsa, ya riga ya yi aikinsa a ƙafar wani. Sabo kuma a duba bakin fatar inda aka yanke ta: ta gaske za a ga zare-zaren fata, ta jabu za a ga ƙyalle ko soso da aka shafa wa leda, irin wadda zafin bazara ke saɓule ta tun ba a shiga damina ba. A ɗaga harshen takalmin a karanta. Mai aiki inda ƙusa take ya nemi wanda aka rubuta wa S1P ko S3, su ne masu faranti a ƙasa da ke tare ƙusa. S1 zalla bakinsa kawai ke da kariya daga abin da zai faɗo, ƙusa tana iya huda shi ta ƙasa.

Abin takaici, mu da ke yankin fata mu ne ke tonon dila. Fatar jar akuyar Sakkwato ce fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano suna fitar da fata waje, wasu su ɗinka su sayar mana. A Samaru ta Zariya akwai cibiyar gwamnatin tarayya sukutum da aka kafa don binciken fata da koyar da aikinta. Sai dai fatar akuya ba ta da kaurin da but ke so, kirgin sa ake bukata, shi kuwa mun fi son ganinsa cikin miya da sunan ganda. Mutanen Aba suna ɗinka but suna sayarwa. Dukawanmu, masu hannun da ke fitar da fade da kube da kayan doki, da za su samu inji da ƙafar katako da aka sassaƙa a kan irin ƙafarmu, da rabin wannan surutun nawa bai taso ba.

To, an sayo wanda ya yi daidai. Kuskuren da ke biyo baya shi ne a wayi gari Litinin a sa shi a tafi aiki a wuni. Sabon but na fatar gaske yana da tauri, sai an bi shi a hankali mako ɗaya ko biyu kafin ya san ƙafa. A fara da awa ɗaya ko biyu da yamma a gida, a zaga unguwa, gobe a ƙara. A ɗan shafa man kaɗe ko man takalmi a inda yake lanƙwasawa da kewayen idon sawu, kaɗan dai, don in mai ya yi yawa fatar takan saki jiki ta daina riƙe ƙafa. Baƙin mai da wasu makanikai ke shafawa kashe fata yake. Masu jiƙa takalmi su shanya a rana ko su kara a wuta wai don ya yi laushi, ƙeƙasar da shi suke, hunturu na zuwa ya tsattsage. In an ji wani wuri a diddige ya fara zafi, a manna filasta tun bai zama bororo ba. In wani ɗinki ne ke gurza, shumeka zai ɗora shi a kan ƙarfe ya daddoka wurin ya kwanta. Amma a rarrabe tauri da matsi. Tauri yana wucewa. In yatsu suna mutuwa ko suna tsitstsira, takalmin ba naka ba ne, a mayar tun bai yi datti ba. Mai ciwon suga kuwa ya riƙa duba ƙafarsa da ido duk dare, domin ciwon kan rage jin zafi a ƙafa, ƙaramin bororo ya zama gyambo bai sani ba.

Akwai abin da masu ƙera takalman nan ba su yi lissafi da shi ba, wato alwala. Azahar da la'asar duk a wurin aiki suke riskar ma'aikaci. Zai kwance igiya, ya cire safa, ya wanke ƙafa, ya yi salla, oga na jira. Gaggawa kan sa ya zura jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin safa mai gumi, ya koma rana. Fatar ƙafar da ta jiƙe laushi take yi, gurza kaɗan sai ta saɓule, tsakanin yatsu ya yi fari ya fara ƙaiƙayi da wari. Wani kuma don kada ya sha wahalar igiya sai ya take bayan takalmin ya ja shi zuwa wurin buta. Yin haka sau kaɗan ya isa ya karya abin da ke riƙe diddige, daga nan takalmin ya tashi aiki. Ina ganin wannan ma na cikin abin da ke sa mutanenmu son lamba babba, don a zura a zare ba tare da an sunkuya ba. Dabarar ba ta da tsada: silifar alwala a cikin jaka, ɗan tsumma na goge tsakanin yatsu, safa biyu a riƙa canzawa. Wanda igiya ta dame shi ya nemi but marar igiya mai roba a gefe, muddin ya kama masa bayan ƙafa. Mai walda ma shi ya fi masa, don tartsatsi kan maƙale cikin igiya, kuma in wuta ta faɗa ciki nan take zai zare.

Ba kowane aiki ne na fata ba. Ɗanyen kankare yana cin fatar takalmi, yana kuma ƙona ta mutum, saboda haka masu shiga cikinsa ranar dekin but na roba mai dogon wuya ya kamace su. Haka manomin shinkafa a fadamar Rima, daga Augie da Argungu har Bunza da Suru. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a nan Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, matasa da yawa sun shiga fadama, kuma wanda ya shiga ruwa da but na fata kuɗinsa ya zubar. Na roba ne ke raba ƙafa da ruwan da ake ɗaukar tsargiya a ciki, ya kuma rage haɗarin maciji a kan kunya da lokacin girbi, tun da yawancin sara a ƙafa yake sauka. In shinkafar ta bar gona ta isa injin casa, irin na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017 ko na Labana a Birnin Kebbi, inda daɓe yake a bushe ga buhuna ga injuna, nan ne wurin but na fata mai bakin ƙarfe.

Dokar masana'antu ta 1987 ta ɗora wa mai masana'anta samar da kayan kariya da suka dace, har da takalmi, ga masu aiki cikin jiƙa ko cikin abin da ke cutarwa. Takalmin da ba ya shiga ƙafar mai shi bai dace ba, ko da rasit ɗinsa na cikin fayil. Don haka ga roƙona ga 'yan kwangila da masu gidajen da ake ginawa a Gesse da sauran unguwanni: kada a ƙara sayen dozin lamba ɗaya. A kira mai kaya ya zo wurin aiki da yamma da lambobi daban-daban, kowa ya gwada nasa a tsaye, ko a ba mutum kuɗin ya je da ƙafarsa. A haɗa masa da safa biyu, a kuma ba shi takalmin mako biyu kafin ranar da za a ce dole ya wuni da shi.