Gani Ya Kori Ji: Awon Ƙwaƙwalwa Da Masu Da'awar Sanin Ɓoye

A farkon shekarun 1890 wani saurayi Bajamushe mai suna Hans Berger ya faɗo daga kan doki yana cikin atisayen soja, ya tsallake rijiya da baya. A wannan rana 'yar'uwarsa da ke wani gari mai nisa ta ji gabanta yana faɗuwa, har ta matsa wa mahaifinsu ya buga masa waya ta tangaraho. Berger ya ɗauka cewa tsoron da ya kama shi ne ya isa zuciyar 'yar'uwar tasa. Saboda haka ya karanta aikin likita, ya duƙufa yana neman hanyar da tunani ke bi. A shekarar 1924, a garin Jena, ya auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan Adam karo na farko, ya kuma bayyana sakamakon a 1929.

Abin da Berger ya fita nema bai same shi ba, amma na'urar da ya bari ita ce likitoci ke amfani da ita har yau wajen gano ciwon farfaɗiya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa binciken irin waɗannan da'awoyi ba ɓata lokaci ba ne, muddin an bi ƙa'ida. Ba daidai ba ne masana su yi wa mai da'awa dariya su wuce. Abin da ya dace shi ne a kira shi a gwada shi a gaban shaidu.

An kuwa daɗe ana gwadawa. A shekarun 1930 J. B. Rhine na Jami'ar Duke a Amurka ya yi amfani da kati 25 masu alamomi iri biyar, inda mai cinke kawai zai dace da misalin biyar. Ya ce wasu mutane sun wuce haka, amma da wasu jami'o'i suka sake gwajin tare da tsananta tsaro, sai abin ya ƙi tabbata. Gwamnatin Amurka ita ma ta shafe fiye da shekara 20 tana kashe kuɗi a kan masu cewa suna hango wurare masu nisa daga zaune. A 1995 aka rufe shirin, bayan masu bincike sun ba da rahoto cewa bai taɓa kawo labarin asiri da aka yi aiki da shi ba.

Masu goyon bayan da'awar sukan ce saƙon yana isa ƙwaƙwalwa, sai dai mutum ba ya farga da shi, balle ya furta. Wannan magana ce Samuel Moulton da Stephen Kosslyn na Jami'ar Harvard suka ɗauka da muhimmanci, suka buga sakamakon aikinsu a 2008. Sun yi amfani da na'urar maganaɗisu mai nuna sashen ƙwaƙwalwar da jini ya ƙaru a cikinsa lokacin da yake aiki. Sun tara mutane biyu-biyu masu shaƙuwa da juna, har da tagwaye. Ɗaya yana kwance cikin na'urar ana nuna masa hotuna biyu, ɗayan kuma yana wani ɗaki yana duban guda daga ciki, yana ƙoƙarin aika shi da zuci.

Hikimar gwajin a fili take. An riga an san cewa ƙwaƙwalwa ba ta karɓar abin da ta taɓa gani kamar yadda take karɓar baƙon abu. To, in da saƙo ya isa, lalle ne a ga bambanci tsakanin hoton da aka aiko da wanda ba a aiko ba, ko da mutumin bai sani ba. Ba a ga wannan bambanci ba. Cinken da mutanen suka yi kuwa ya tsaya a kan kashi 50 cikin 100, daidai da abin da jefa kwabo sama zai bayar.

Gaskiya ne cewa gwaji guda ba ya rufe magana har abada, kuma rashin ganin abu a ɗaki ɗaya ba ya tabbatar da babu shi a duniya. Amma nauyin kawo hujja yana wuyan mai da'awa ne. Shekaru kusan 100 na gwaje-gwaje sun nuna abu guda: duk lokacin da aka toshe ƙofofin kuskure da na maguɗi, sai alamar ta dushe.

Akwai kuma wani tarko da ya kamata ɗalibai su kiyaye, wato ruɗuwa da hoto mai launi. A 2009 wani mai bincike, Craig Bennett, da abokan aikinsa suka nuna sakamakon sa mataccen kifi cikin irin wannan na'ura, aka jera masa hotunan mutane, sai ga alamar motsi ta fito a ƙwaƙwalwarsa. Dalili shi ne na'urar tana raba ƙwaƙwalwa gida dubbai, kuma idan ba a gyara lissafi ba, dole wasu gidajen su haska bisa katari. Don haka ja ko rawaya a jikin hoto ba hujja ba ce sai an san yadda aka yi lissafin.

Darasin bai tsaya ga Turai da Amurka ba. Sanin kowa ne cewa akwai ma'aikacin da ke kai rabin albashinsa wurin mai duba don neman ƙarin girma, akwai kuma ɗalibin da ke barin littafi ya tafi neman a hango masa tambayoyin jarrabawa. Kafin mutum ya kwance bakin aljihunsa, wajibi ne ya yi tambayoyi uku. Sau nawa aka gwada wannan mutum? Sau nawa ya faɗa ba daidai ba? Wane ne ya ƙirga? Mutane sukan riƙe dacewa guda su manta da kuskure goma, kuma a kan wannan mantuwa ce kasuwar take ci.

Ya kamata makarantu su koya wa yara yadda ake shirya gwaji na adalci da yadda ake lissafin katari, domin mutumin da ya iya wannan da wuya a yaudare shi, ko da ƙasar duba, ko da na'urar zamani. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.