Sabon Aure A Birni: Kek Ko Kuɗin Haya?

Ina roƙon Edita ya ba ni fili a cikin wannan mujalla tamu mai farin jini, domin in yi tsokaci a kan wata al'ada da ta shiga gidajen yayyenmu waɗanda suka yi aure suka tare a birni, watau bikin zagayowar ranar haihuwa, wanda matasa suke kira bazday. Maganar ta shafe mu ɗalibai, domin nan da 'yan shekaru kaɗan mu ne angwaye da amare. Ta kuma shafi iyayenmu, domin in aure ya sami tangarɗa wurinsu ake kawo ƙara. Hukuncin abin a addini fagen malamai ne. Ni a kan aljihu da zaman lafiyar gida zan yi magana.

Da farko bari mu duba yadda sabon aure yake a gidan gandu. A can amarya cikin jama'a ake kai ta. Ga uwar miji, ga faccala, ga yaran gida masu zuwa aike. Hatsi yana rumbu, rijiya tana tsakar gida, ɗaki kuwa ba mai zuwa karɓar haya. In gishiri ya ƙare mata sai ta leƙa ɗakin faccalarta ta sammo. In kuwa sun saɓa da miji, kafin rana ta faɗi wani babba ya kira su ya sasanta.

To, a birni fa? Ciki da falo ne a gidan haya, a Kurna ko Sheka in Kano ce, ko kuwa Mararaba ko Suleja ga mai aiki a Abuja wanda hayar cikin gari ta fi ƙarfinsa. Mai gidan hayar yawanci kuɗin shekara guda yake so a dunƙule. Ruwa sai an saya wurin 'yan garuwa, girki sai da gas ko gawayi, zuwa aiki sai a adaidaita sahu ko bas. Tun da aka cire tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo. A watan Yuli na 2024 aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000 a wata, kuma duk mai zuwa cefane ya san inda wannan kuɗi yake tsayawa. Miji ya fita tun da asuba, ba ya dawowa sai bayan isha'i. Amarya tana zaune ita kaɗai, ba ta san kowa ba a unguwa, ba abokin hira sai wayar hannu.

A cikin wannan hali ne bikin ranar haihuwa yake samun gindin zama. Masu son abin suna cewa, ai yarinyar da aka rabo da danginta tana bukatar ranar da za a faranta mata rai, ta san mijinta bai manta da ita ba. Wannan magana tasu gaskiya ce, kuma ban ga laifin mutum ya tuna da ranar da aka haifi matarsa ya yi mata alheri ba. Inda gizo yake saƙar shi ne yadda abin ya zama gasa. Wance ta ga hoton ƙawarta a WhatsApp da kek mai hawa uku, da sabon ɗinki, da kwalliya, da mai ɗaukar hoto, sai ita ma ta ce ba za a bar ta a baya ba. Ba ta tambayi albashin mijin ƙawar ba, ba ta kuma san ko bashi aka ci aka yi ba. Shi kuma ango, don kada a ce ya gaza, sai ya taɓa kuɗin da yake tarawa na haya, ko ya ranto wurin abokin aiki.

Kek dai a yini ɗaya ake cinye shi, amma bashi yakan kwana ya tashi da mutum wata da watanni. In wa'adin haya ya cika, mai gida ba ya karɓar hoto a maimakon kuɗi. Daga nan sai fuskar miji ta ɗaure, cefane ya ragu, magana kaɗan ta zama faɗa. Ga shi babu wani babba a kusa da zai tsawata. Sai dai iyaye su ga 'yarsu ta dawo da akwati, in an bi diddigi a tarar asalin rigimar shagalin yini ɗaya ne. Bahaushe ya ce tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma ko an yi dubu ba a fita.

Wani abin lura kuma, kek da kyandir daga Turai suka zo mana, amma girmama ranar haihuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Mu a cikin suna muke ajiye ta. Ladi da Ɗanladi ran Lahadi aka haife su, Talatu ran Talata, Balarabe ran Laraba, Lami ran Alhamis, Jummai da Ɗanjuma ran Juma'a, Asabe ran Asabar. Azumi kuwa a cikin watan Ramalana ta zo duniya. Ga kuma taron suna a rana ta bakwai, da yanka rago, da tara dangi. Shekaru kuwa da manyan abubuwa kakanninmu suke ƙirga su, su ce an haifi wane shekarar samun mulkin kai, watau 1960, ko shekarar canjin hannu, 1972, ko shekarar da naira ta maye gurbin fam, 1973. Duk wannan ba wanda ya ci bashi a kansa.

A yau sanin ainihin rana da wata da shekara ya zama dole. Mu ɗalibai mun ga yadda wasu suke shan wahala wajen rajistar jarrabawar JAMB, wadda tun 2021 ba a yin ta sai da lambar NIN, saboda ranar haihuwar da ke wannan takarda ta saɓa da ta waccan. Saboda haka babbar kyautar da sababbin ma'aurata za su yi wa ɗansu na fari ita ce su yi masa rajista a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa su karɓi takardar haihuwa. Wannan ta fi masa amfani a kan bikin cika shekara ɗaya, wanda shi kansa yaron bai san ana yi ba.

Shawarata ga yayyenmu ita ce, daidai ruwa daidai tsaki. Ku zauna ku biyu a farkon wata ku ware kuɗin haya da na abinci da na asibiti, abin da ya rage shi ne na shagali. In ranar ta zo, miji ya dawo da wuri, ya riƙo tsire ko turmin atamfa in da hali. A dafa abinci mai kyau a miƙa wa maƙwabta, domin su ne danginku a birni, su ne za su fara kawo ɗauki ran da naƙuda ta tashi da tsakar dare. A kuma buga wa uwa waya a gaishe ta, tun da ita ce ta sha wahalar wannan rana.

Ku kuma iyayenmu, don Allah in za ku kai amarya, bayan kayan ɗaki da gara ku haɗa mata da nasiha a kan zaman birni, ku kuma riƙa leƙa su, gama zumunta a ƙafa take. Mu kuwa 'yan'uwana ɗalibai, mu koyi tattali tun daga kuɗin tara da ake ba mu yanzu, kafin nauyin gida ya hau kanmu.

Allah ya ba yayyenmu zaman lafiya da rufin asiri, mu kuma ya ba mu sa'ar jarrabawa, amin.