Ɗan Maraya Ya Tafi, To Ina Takardunsa?

Yau maganar makaɗa biyu na kawo muku, ɗaya Bayarabe ɗaya namu na gida, da abin da kowannensu ya bari bayan ƙasa ta rufe masa ido. Wanda ya ce shi ba ruwansa da kiɗa, don Allah ya ɗan yi haƙuri ya karanta, domin in aka bi maganar a hankali ƙarshenta a ƙofar gidansa za ta tsaya.

Na farkon sunansa Fela Sowande. Kada a rikita shi da Fela Kuti na Legas, wannan ya girme shi nesa ba kusa ba, domin a 1905 aka haife shi. Ɗan limamin coci ne, kuma abin da ya ƙware a kai shi ne ogan, wato ƙaton abin kiɗan nan na coci mai bututu da madannai, wanda ake kaɗawa da hannu da ƙafa lokaci guda. Ya koya a babban cocin Angilika na Legas a hannun T.K.E. Phillips, ya tafi Landan a 1934, daga 1945 zuwa 1952 shi ne mai kaɗa ogan a Kingsway Hall. Ya dawo gida ya riƙe sashen kiɗa na gidan rediyon Najeriya, daga baya ya koma Amurka yana koyarwa a jami'o'i, can ya rasu a jihar Ohayo a 1987.

Cikin kaɗe-kaɗen da ya tsara akwai wani mai suna Obangiji. To kun ji, kalmarmu ce, Ubangiji, Yarbawa suka ara suka ɗan karkata mata baki. Mutumin nan ya kusa shekara arba'in a kabari, amma har gobe wanda ya iya karanta rubutun kiɗa, ko a Jamus yake ko a Japan, zai ɗauki takardar ya zauna ya kaɗa shi yadda mai shi ya tsara, ba tare da ya taɓa ganinsa ba. Masana irin su Godwin Sadoh a 2007 da Bode Omojola a 2009 sun rubuta littattafai sukutum a kan aikinsa. Sun iya yin haka ne saboda akwai abin da za a baje a kan tebur a duba.

Turawa kuwa abin nasu ya wuce nan. Ba kammalallen aikin kawai suke ajiyewa ba, har guntayen takardun da mutum ya yi gwaji a kai, inda ya rubuta ya soke, ya sake rubutawa. A nan ake gane yadda kansa ke aiki. Amma kada mu ɗauka su ma ba su yi asara ba. Johann Sebastian Bach, wanda a duniyar masu ogan ba a sa kowa gabansa, ya rasu a 1750, aka raba takardunsa cikin gado. Ɗansa Carl Philipp Emanuel ya riƙe kasonsa da daraja, shi kuwa babban ɗan, Wilhelm Friedemann, da talauci ya ci ƙarfinsa sai ya riƙa sayarwa, da yawa suka salwanta har abada. Abin da ya tsira, mafi yawansa yau yana babban ɗakin karatu na Balin. Wannan labarin ai kamar a unguwarmu aka yi shi. Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya san gida da fili da shago ake wa ido, akwatin takardu kuwa sai dai a tura shi ƙarƙashin gado, ɓera da gara su yi nasu rabon.

To mu dawo gida. Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos, Allah Ya jiƙansa, an haife shi a Bukuru a 1946. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne, iyayen suka rasu yana ɗan ƙanƙani, sarkin ya riƙe shi, daga nan sunan ya samo asali. Da kuntigi ya yi suna, ɗan abu mai tsirkiya ɗaya da ake yi da gwangwanin kifi a rufe da fata. Ba 'yan amshi, ba tawaga, shi kaɗai da ɗan gwangwaninsa ya zaga duniya. Ya yi wa karen mota waƙa lokacin da sauran makaɗa ke bin fada da ƙofar attajirai. Ya yi wa sojoji waƙa a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ya yi a kan auren dole, da gulma, da zaman miji da mata. Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Ya rasu ranar 20 ga Yuni, 2015. Kuma ku lura, duk inda aka ambace shi a duniya sai an ambaci sunan garin nan, domin a jikin sunansa yake.

Yanzu ka tare matashi a Bauchi Road ko Dilimi ko nan Nasarawa, ka ce ya kai ka inda za ka ga tarihin Ɗan Maraya. Abin da zai yi shi ne ya kai ka wurin masu tura waƙa a waya. Za a cika maka memori da Naira kaɗan, waƙoƙin suna nan, alhamdu lillahi. Amma wace shekara aka yi wannan? A wane gari? Wa aka yi wa, kuma me ya faru har aka yi ta? Babu. Wata ma sunan da aka laƙa mata ba nata ba ne, wata an yanke mata kai, wata an haɗa ta da ta wani mawaƙin daban. Haka suke a YouTube, kowa ya ɗora ya rubuta abin da ya ga dama.

Na san abin da wani zai ce: ai makaɗan Hausa ba sa rubutu, a ka suke tsara waƙa, to wace takarda kake nema? Gaskiya ne, kuma wannan ba kasawa ba ce, baiwa ce. Amma makaɗin baka ma yana da nasa daftarin. Daftarinsa shi ne maimaici. Waƙa ɗaya, yadda ya yi ta a gidan biki daban, yadda ya yi ta a gidan rediyo daban, yadda ta fito a faifan garmaho daban. Ya ƙara wani ɗa, ya cire sunan wani, ya sauya kari. Masu sauraron Shata sun san Bakandamiya ba guda ɗaya ba ce. In ka jera waɗannan bi da bi da shekarunsu, ka ga inda mawaƙi ya soke ya sake rubutawa ke nan, daidai da takardun Bature. Matsalar ita ce wannan daftarin a kan kaset yake, kaset kuwa ba ya jiran kowa. Zaren yana yin fumfuna, yana mannewa, yana tsinkewa, rediyon da za ta juya shi ma yanzu sai an tona. Kuma ban da kaset, mutumin da ya yi shekara hamsin yana sana'a ai dole ya tara takardu: yarjejeniya da kamfanonin faifai, wasiƙun gayyata, tsofaffin fasfo masu ɗauke da hatimin ƙasashen da ya shiga, hotuna, lambobin yabo, da su kansu kuntigan da ya kaɗa.

Wannan dukiyar iyalinsa ce, su ke da iko da ita, ba ni da ta cewa a ciki. Kirana ga sauranmu ne, domin rabin tarihin makaɗi a hannun masoyansa yake. Akwai direban da ya ɗauke shi a kaset a tasha, akwai hajiyar da ke da hoton bikinta yana kaɗawa, akwai tsohon ma'aikacin rediyo da ya yi hira da shi. Kuma ga magada akwai maganar haƙƙi: dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta ba waƙa kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, ke nan ta Ɗan Maraya sai 2085. Da me za a kare wannan haƙƙin in babu shaidar wa ya yi me, yaushe?

Mu a Jos bai kamata a ce sai an yi mana wa'azi a kan wuta ba. Babbar kasuwar Terminus ta ƙone a Fabrairun 2002. Ni lokacin ban yi wayo ba, amma na tashi ina jin mahaifina da abokansa suna lissafin abin da ya tafi, kuma bayan kaya abin da suka fi ambata shi ne littattafan bashi da rasiɗai, wanda ya sa wasu har suka mutu ba su karɓi haƙƙinsu ba. Rikicin 2001, da na 2008, da na Janairun 2010 wanda unguwarmu ta sha da idonta, gidaje nawa suka tafi da duk abin da ke cikinsu? A 2016 ɗakin karatun Jami'ar Jos na Naraguta ya kama da wuta. Garin da ya ga wannan duka, a ce har yanzu kwafi ɗaya tak muke ajiye abu, a cikin kwali, a saman siliin?

Ga kuma inda na ce maganar za ta zo ƙofar gidan kowa. Shekara da shekaru ana ja-in-ja a kan waye ɗan ƙasa waye baƙo a garin nan. An kafa kwamitin Fiberesima a 1994, an kafa na Niki Tobi bayan 2001, an kafa na Ajibola bayan 2008. Duk wanda ya je gaban irin waɗannan kwamitoci, takarda ake tambayarsa. Kakanninmu sun zo haƙar kuza da fatauci tun farkon ƙarnin da ya wuce, jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, Gangare da Dilimi ba jiya aka kafa su ba. Amma in ana son hujja sai a tafi ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna a buɗe fayil ɗin da Bature ya rubuta da idonsa da son ransa. Ko littafin da aka fi ambata a kan zaman baƙi a Jos, wani Ba'amurke ne, Leonard Plotnicov, ya wallafa shi a 1967. Ba ina cewa kaset ɗin Ɗan Maraya zai raba gardamar 'yan ƙasa ba ne, wannan magana ce ta tsarin mulki da adalci, kuma maƙwabtanmu Birom da Anaguta da Afizere su ma suna da nasu tarihin da ya cancanci a saurara. Abin da nake cewa shi ne, al'ummar da ake tambayarta tun yaushe take nan, ba ta da dalilin wasa da tarihin yaron da Sarkin Hausawan Bukuru ya rena a shekarun 1940.

Ku dubi maƙwabtanmu Kirista. Hedikwatar ECWA da ta COCIN duk a Jos suke. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa tun 1932, waƙoƙinsu na coci da Hausa suna nan a buge cikin littafi, yaro na rera abin da kakansa ya rera. Da harshenmu fa. Wannan ba abin haushi ba ne, abin koyi ne.

Sai batun addini, wanda na san shi ne ke cikin zuciyar da yawa. Akwai malamai masu ganin kiɗa haramun ne, akwai masu sassauci, ni ba malami ba ne kuma ba zan yi fatawa ba. Na san gidajen da dattijo ya rasu, 'ya'ya suka kwashe kasusuwansa na Shata da Ɗan Ƙwairo da Ɗan Maraya suka zuba a shara da niyyar kyautata masa. Niyyarsu mai kyau ce. Amma ajiye abu daban, sauraronsa don nishaɗi daban. Kitabul Agani na Abul Faraj al-Isfahani, wanda ke cike da labaran mawaƙa, ya fi shekara dubu, kuma Musulmi ne suka riƙa kwafarsa da hannu har ya iso gare mu, malaman Larabci na cin moriyarsa. In ba ka so a gidanka, miƙa wa mai nazari, Hausar da ke ciki kaɗai ta isa dalili. Akwai kalmomin tasha da na kasuwa a bakin Ɗan Maraya da mu 'yan yanzu ba mu san su ba.

Kuma ba wai babu wurin ajiya ba. Gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya buɗe a 1952, yana da tarin rubuce-rubucen Larabci na malamanmu. Hukumar fina-finai ta ƙasa tana nan Jos da ma'ajiyarta ta fim da sauti. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, an daɗe ana zaton ya ɓata, sai aka gano shi cikin kayan hukumar, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Akwai Gidan Arewa a Kaduna. A ɓangaren rubutu kuma, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da Shata Ikon Allah a 2006, shekara bakwai bayan rasuwar Shata, lokacin da waɗanda suka zauna da shi ke da rai. Ɗan Maraya ya haura shekara goma da rasuwa. Sa'o'insa da suka san shi tun yana yawo da kuntigi a tasha, yau masu shekara tamanin ne.

Ni ban jira gwamnati ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya jira. Attajiranmu da ke kashe miliyoyi a kamfen da walima, kuɗin na'urar juya kaset zuwa kwamfuta da albashin yara biyu na shekara ba zai taɓa aljihunsu ba. Ƙungiyoyinmu na Jasawa su ware ɗaki ɗaya. Kafin nan, wanda ke da kaset ko faifai ko hoto a gida, ya fito da shi daga inda damshi yake, ya samu dattijon da ya san labarinsa ya tambaye shi, ya rubuta a takarda: wane ne, a ina, wace shekara, bikin wa. A ɗauki hoton kowace takarda da waya, a juya kaset ɗin, a yi kwafi uku. Ɗaya a gida, ɗaya a intanet, ɗaya kuma a aika wa ɗan'uwa a Kano ko Bauchi ko Zariya, wato wajen garin nan. Asalin kaset ɗin kuma kada a yar bayan an juya, domin na'urar gobe za ta fi ta yau iya tsamo murya.