Fitilar ABS a hanyar Gure

Tun 1978 kamfanin Mercedes ya soma sa ABS, na'urar da ke hana ƙafafun mota cijewa idan an taka birki da ƙarfi. A tsofaffin motocin ƴan kasuwa da ma'aikata masu zirga-zirga tsakanin Gure da Damagaram, fitilarta takan kama ba zato. Galibi kwamfutar lafiyarta lau: rairayi da garin ƙarfe ne ke toshe ma'aunin gudun ƙafa, ko gargada ta tsinke wayarsa, ko batir ya raunana. Makanike na ƙwarai yakan fara duba fis da batir da wayoyi kafin ya ambaci kaya mai tsada. Kafin a gyara, birki yana kamawa, amma ƙafa na iya cijewa. Wajibi ne direba ya rage gudu.