KASHIN FARKO NA WASAN INDIYA: INA LAIFINSA?

A hutun da ya wuce ne gardama ta kaure a gidanmu a Gwarzo, kuma har yau ban bar tunaninta ba. Baba, mijin Innata, ya same mu mun yi cincirindo a kan waya guda muna kallon kashin farko na wasan nan Sapne Suhane, wanda tashar Arewa24 ta taɓa nunawa da fassarar Hausa. Ya ce ba abin da Indiya ke koya wa 'yan mata sai rawa da rashin kunya. Ban tanka ba, don ba a musu da babba. Amma tun da mujallarmu ta ba da fili, zan faɗi abin da ke raina.

Shi wannan wasa an fara shi ne a tashar Zee TV ta Indiya a 2012, aka ƙare a 2015. Farkon labarin bai dogara da soyayya ba. Wata yarinya ce, Gunjan, 'yar birnin Mumbai, mahaifiyarta ta kamu da ciwon ajali. Sai aka kai ta Banaras, gidan 'yar'uwar mahaifiyar, inda akwai maigida mai tsanani da wata yarinya sa'arta mai kunya, watau Rachna.

To, jama'a, wannan ba riƙo ba ne? Ni kaina ina da shekara tara aka ɗauko ni daga Kabo zuwa Gwarzo bayan rasuwar mahaifiyata. Tafiyar ba ta da nisa, amma na san yadda mutum ke zama a bakin tabarma da kayansa a ƙulle, bai san inda ake ajiye buta ba, bai san ko an yarda ya yi dariya da ƙarfi ba. Innata ba ta rage ni da kome ba, Allah Ya saka mata. Duk da haka ba wanda ya taɓa tambayata yadda daren farko ya kasance. Sai ga Indiyawa, masu wani addini da wani harshe, sun nuna mini shi a waya. A ɗakin kwananmu na makaranta mu huɗu ne 'yan riƙo, kuma duk abin da ya kama mu ke nan.

Ban ce Baba bai da gaskiya ko kaɗan ba. Kashin farko ƙugiya ce. Da ka haɗiye ta, sai a yi ta janka da kishi da makirci da aure bayan aure har shekara uku, don 'yan talla su sami kasuwa. Na ga wadda ta dawo hutu ba ta buɗe littafin lissafi ko sau ɗaya ba saboda wannan. Ni ma na tsaya a hanya, da na ga labarin marainiyar ya ɓace cikin hayaniya.

Abin da ya ba ni dariya kuwa, daga baya Inna ta raɗa mini cewa Baba da kansa, yana saurayi, har Kano yake zuwa silima, kuma ya kalli Mother India, fim ɗin 1957, ya fi sau uku. Na so in tambaye shi ko rawa ce ta riƙa mai da shi, ko kuwa wahalar uwar nan ce da 'ya'yanta a gona. Hutu mai zuwa, in na ga yana cikin raha, zan gwada.