A Juya Kyamara Ta Dubi Burtali

Maganarmu ta wannan fitowa a kan finafinan namun daji ce, irin waɗanda ƙungiyoyin kare muhalli kan sa a ɗauko musu daga gandun dajin Dindir, su zo su nuna wa manya a Khartum. Wani zai ce ina ruwan mai sanda da majigi? To, da ruwansa, domin abin da majigi ya nuna wa mai mulki, da shi yake yanke mana hukunci.

Ga wanda bai san Dindir ba, gandu ne da ke kudu maso gabashin Khartum, wajen kilomita 400, a kan iyakar Sudan da Habasha. Turawan Ingila suka killace shi a 1935, kuma faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 10,000. A 1979 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da duniya ke tattali. Kogin Dindir da na Rahad suna kawo masa ruwa daga duwatsun Habasha da damina, in rani ya yi kogi ya ƙafe, sai a bar tafkuna da fadamu waɗanda mutanen wurin ke kira maya. A nan ɓauna da gwanki da zaki ke shan ruwa, a nan kuma idon makiyayi ke komawa idan ƙasa ta bushe. Makiyayan kuwa akwai Larabawan Rufa'a, akwai Fulani da ake kira Fallata, ga kuma Hausawa manoma da masunta a ƙauyukan bakin kogi. Ba jiya muka zo ba. Garin Mai Wurno da ke bakin Nilu, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903.

Yadda ake shirya irin wannan fim ba ɓoyayye ba ne. Ƙungiya ta samo kuɗi, ta ɗauki mai kyamara daga birni, ya nemi izinin hukumar namun daji, ya shiga motar masu gadin gandu, su kai shi inda suka ga dama. Zai yi 'yan kwanaki da rani, domin da damina laka ba ta barin mota ta shiga. Zai ɗauki zaki a inuwa, ya ɗauki tsuntsaye a tafki, daga nan kiɗa ya canja, sai ga garken shanu cikin ƙura da yaro riƙe da sanda. Mai sharhi ya ce ga masu ɓarna nan. Ba a tambayi yaron daga ina ya taso ba, balle me ya hana shi bin hanyar da kakansa ya bi.

Amsar tana bayan mai kyamara, da zai waiwaya. Tun cikin shekarun 1940 aka fara noman tarakta a ƙasar Gadarif. A 1968 aka kafa hukumar noman inji, a 1970 aka yi dokar da ta mayar da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati, sannan gwamnatin Numairi ta rushe sarautun gargajiya, wato masu raba burtali da mashaya tsakanin manomi da makiyayi. Daga nan aka shiga yanka daji ana ba attajirai da manyan ma'aikata, gona ɗaya sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga ƙarshenta ba. Dawa da riɗi suka hau kan burtali. Fari na 1984 ya koro jama'a da dabbobi daga yamma da arewa. A 2011 Sudan ta Kudu ta ɓalle, makiyaya da yawa suka rasa wurin cin rani da suka saba. Garke ba ya tashi sama. Idan gona ta tare gabas, iyaka ta tare kudu, sai inda ciyawa ta rage.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, gonakin nan sun cuci namun daji kamar yadda suka cuce mu. Namun Dindir ba sa kwana wuri ɗaya shekara duka. Da damina sukan fita daga gandu zuwa filayen da ke kewaye, kuma filayen nan ne garmar tarakta ta kife. Raƙumin dawa da ake gani a Dindir a da, yau babu shi. Ashe saniya da barewa ciwonsu ɗaya ne. Amma tarakta ba ta shiga gandu, saboda haka ba ta shiga fim. An bar jaki ana dukan taiki.

Kada wani ya raina ƙarfin hoto. A 1959 wani Bajamushe, Bernhard Grzimek, ya fitar da fim a kan dajin Serengeti na ƙasar Tanganyika, har ya ci babbar lambar yabo a Amurka. A shekarar nan ce aka fitar da Masai makiyaya daga Serengeti, kuma duniya ta daɗe tana kallon dajin ta idon fim ɗin, kamar ɗan Adam bai taɓa kiwo a cikinsa ba. A nan gida ma mun gani. A watan Janairu na 2020 hotunan zakunan da yunwa ta rame a lambun Kurashi na Khartum suka bazu a intanet, cikin 'yan kwanaki taimako ya fara zuwa daga ƙasashen waje. Mun ji tausayin zakunan, domin halittar Allah ce. Amma wa ya ɗauki hoton shanun da suka faɗi a bakin burtalin da aka toshe? Gani ya kori ji, mu kuwa ba a ganinmu sai a wurin laifi.

Ku kuma fatake da dillalai na kasuwar Muwailih ta Umdurman, kada ku ce wannan ta masu ruga ce. Duk saniyar da aka kama a gandu aka ci tararta, ko ta rame don rashin hanya, a hannunku asarar kan ƙare. Dabbobi suna cikin manyan abubuwan da Sudan ke sayarwa waje, musamman ga Saudiyya da Masar. Bai kamata mai kawo wa ƙasa kuɗi ya zama shi ne ɓarawon cikin fim ba.

Ba mu ce a buɗe Dindir kowa ya shiga ba. Ba ma goyon bayan mai harbin nama, ko mai cinna wa daji wuta, ko mai sare itace don gawayi. Gandu in ya mutu, ruwa da ciyawar kewayensa ma sun mutu. A Gashaka Gumti ta Nijeriya, wadda ta zama gandun ƙasa a 1991, an ware wa Fulani wuraren zama da kiwo a cikin gandun. Akwai gardama a can ma, amma an yarda makiyayi yana da wurin zama a maganar.

Yaƙin da ya ɓarke a Khartum a watan Afrilu na 2023 ya tsayar da abubuwa da yawa, bai bar gidan talbijin na Umdurman ba, kuma a 2024 ya kai har garin Dindir. In Allah Ya kawo sauƙi, ƙungiyoyi za su komo da kyamarorinsu don neman kuɗin gyaran gandu. Kafin ranar, ga abin da muke nema. Mai ɗaukar fim ya kwana a ruga kamar yadda yake kwana a sansanin masu gadi. A bar makiyayi ya yi magana da bakinsa, da Fulatanci ko Hausa ko Larabci, a fassara daidai. A bi burtali da kyamara tun daga mashekarin damina har bakin gandu, a nuna inda gona ta cinye shi da inda mashaya ta toshe. Kada a nuna fuskar yaro mai kiwo ba da yardar iyayensa ba. Kuma a fara nuna fim a kasuwar shanu da ƙauyukan bakin Rahad, ardo-ardo da shugabanni su gani, kafin a kai shi zauren taro a birni.

Mu ma da namu aikin. Yau kusan kowace ruga akwai waya mai kyamara. Samarinmu su ɗauki burtalin da aka nome, da rijiyar da aka killace, su faɗi wurin da ranar, su miƙa wa reshen ƙungiya a ajiye. A ɗauki dattawa suna lissafa zangunan da suka bi tun suna yara, tun kafin su tafi da iliminsu. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma shaidar da ke hannu ta fi kuka a gaban hukuma.

Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyaye mana dukiyarmu. Amin.