Kulob A Turai, Bashi A Teburin Mai Shayi

Jama'a, yau ku yi mini uzuri, ci gaban littafin namu sai fitowa ta gaba. Wani abu ne ya tsaya mini a maƙogwaro tun da na dawo daga gida, idan ban amayar da shi ba alƙalamin ma ba zai yi tafiya ba.

Akwai wani dattijo mai shayi a Birnin Kudu, a bakin titin nan da ya taso daga Kano ya nufi Ningi. Tun ina sakandare nake shan shayinsa. Direbobi, ma'aikatan asibiti masu kwanan aiki, 'yan makaranta, kowa ya san bencinsa. Da aka buɗe gidan kallon ƙwallo kusa da shi, sai samari suka mayar da teburin majalisa. Ana tashi daga wasa za a dungumo, a sha shayi da burodi, mai hali ya sa a dafa masa Indomie da ƙwai, marar hali ya ce, "Baba, rubuta." Shi kuwa ya rubuta.

Zuwana na ƙarshe sai na tarar da benci biyu wayam. Na ce, "Baba, ina 'ya'yan naka?" Ya ce sun koma tsallaken titi. Laifinsa? Ɗansa da ke taya shi aiki ne ya manna hoton Manchester United a jikin teburin, su kuma 'yan Chelsea ne, wai sun daina shan shayin abokan gaba. Ya jawo littafin bashi ya buɗe mini, shafi bayan shafi, babu wanda ya waiwayo ya biya. Bawan Allahn nan ko sunan golan United bai sani ba.

Na ɗauka cutar ta garinmu ce kaɗai, sai da na je kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram, na ji da kunnena wani saurayi yana hana abokinsa zama a wani teburi, wai na 'yan Madrid ne. Wai shin yaushe muka fara tambayar kulob ɗin mutum kafin mu sha ruwan zafinsa?

Na san abin da za ku ce, ai Turawa ma haka suke. To mu duba nasu ɗin. A Kanada akwai shagunan gahawa da wata soyayyar fulawa mai zaƙi, 'yar'uwar fanke, ana kiransu Tim Hortons. Mai sunan ɗan wasan hoki ne na kan ƙanƙara, ɗan ƙasar, kuma a 1964 aka buɗe shagon farko a garin Hamilton. Shi ya sa masoya wasan suka riƙe shagon kamar gadon gidansu. Amma a 2014 sai aka haɗe kamfanin da Burger King na Amurka, ƙarƙashin wasu attajiran Brazil. Masu kishi suna nan suna ta kishinsu, riba kuwa ta bi inda masu jari suke. A shekarar ce kuma Dunkin' Donuts, masu irin wannan sana'a a Amurka, suka ƙulla yarjejeniyar talla da Liverpool. Nan gida ma ai kun tuna yadda madarar Peak ta yi ta talla da Kanu Nwankwo.

Kun ga ke nan 'yan kasuwa sun daɗe da gane cewa soyayyar ɗan kallo haja ce, ana saye ana sayarwa. Amma can aƙalla kulob ya karɓi kuɗinsa, kamfani ya samu ciniki. Mu nan wa ya ci riba? Chelsea ba ta san da zaman majalisarku ba, balle ta aiko muku da tukuici. United ba ta taɓa saya wa Baba ko gwangwanin madara ɗaya ba. Asara kawai aka jibga wa mai iyali, wanda sai ya sayar yau zai sayo sukarin gobe.

Kada wani ya ce ƙwallo nake yaƙa. Ni ma na yi ihu har muryata ta dashe lokacin da Kano Pillars ta ɗauki kofin ƙasa sau uku a jere, 2012, 2013 da 2014. Amma cikin masu ƙaurace wa Baba, mutum nawa ne suka taɓa biyan kuɗin mota suka je kallon Jigawa Golden Stars, ƙungiyar jiharsu? Idan kishi ake ji, ai ga inda ake nemansa.

Shekara da shekaru ana zagin mu marubuta, ana kiran aikinmu adabin kasuwar Kano, wai mu ke ɓata matasa. To ni dai duk littafin da na rubuta, mai cin amana ba ya gamawa lafiya. Wanda ya miƙo maka kofi ranar da aljihunka ba ko sisi, bai tambaye ka Chelsea kake ko Arsenal ba, shi ne naka. Hausawa suka ce tsohuwar zuma da ita ake magani.

Ƙannena, idan ba za ku koma teburinsa ba, wannan ra'ayinku ne, shayi ba dole. Amma bashi ba shi da kulob. Kafin wasan Asabar mai zuwa, ku tsallaka titin nan, ku gaishe shi, ku ce ya buɗe littafi.

Allah Ya sa mu gane. Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu.